Tayar ƙanƙara a kan kwaltar Kano

Ka tambaye ni me ya sa na ce a cire tayoyin Golf 5 ɗin nan da aka kawo daga Kwatano alhali zanensu bai cinye ba, da kuma me ya sa tayar baya take sacewa kullum ba a ga ƙusa ba. To ajiye sifanar nan, zo ka durƙusa kusa da ni, yaro.

Dubi gefen tayar. Ka ga hoton dutse mai tsini uku da alamar dusar ƙanƙara a cikinsa? Ga kuma M+S a kusa. Wannan tayar hunturu ce. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, mai mota tayoyi kashi biyu yake ajiyewa, na sanyi da na zafi. A Jamus, mutane kan sa na sanyi daga Oktoba zuwa bikin Ista, kuma doka ta hana ka hawa titi mai ƙanƙara ba tare da su ba. A lardin Kebek na Kanada dole ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Motar da aka loda a jirgi cikin hunturu, da abin da ke ƙafarta take iso mana.

Danna babban yatsanka a kan zanen. Ka ji laushi? Da gangan aka yi robar haka, don kada ta sandare idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. Waɗannan ƙananan tsage-tsagen kuma su ne ke cizon ƙanƙara. A can alheri ne. A nan kuwa, ka ɗora ta kan hanyar Zariya da rana tsaka a watan Afrilu, robar sai ta ƙara saki, ta yi ta cinyewa, motar ta riƙa lilo a kwana, in aka taka birki ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Kada wani ya ce maka ai mu ma muna da hunturu. Sanyinmu na asuba ne, kafin hantsi kwalta ta ɗau zafi. Mu canji ɗaya muke yi: a cire, a sa ta zafi, shi ke nan. Kafin ka ɗaura wata kuma, nemi lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayar. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Tsohuwa ce, komai kyan fuskarta.

Sacewar kuwa ba laifin taya ba ne, rim ne. Gishiri suke watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, shi ke cin ƙarfen. Rim na ƙarfe yakan yi jar tsatsa, kowa na gani. Na alminiyom shi ne munafuki: ta ƙarƙashin fenti yake ruɓewa, fentin ya kumbura, ka kankara da farce ka ga farin gari. In abin ya kai leɓen da taya ke zama a kai, iska ta sami hanya. Kwantar da tayar, zuba ruwan sabulu a zagayen leɓen, ka ɗan jira. Ka ga ƙananan kumfan nan suna tasowa a jere? Nan ne. Duba gindin bawul ma.

In cin na sama ne, ka fitar da tayar, ka goge leɓen da buroshin waya, ka bi da samfefa har ya yi sumul, a shafa fenti, ya bushe. Amma in ka ga rami da farcenka ke maƙalewa a ciki, ko tsagewa, ko ramin noti ya buɗe, rim ɗin ya gama aiki. Na san akwai masu cusa leda ko tsohon tif a leɓe, akwai masu kai rim ɗin alminiyom wajen mai walda na bakin titi. Ba a garejina ba.

Wajen sayen wani, kada ka tsaya kan cewa inci 16 ne. Golf ɗin nan ramukan notinsa biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 112, na Camry biyar a kan 114.3. In ka duba da ido kamar iri ɗaya suke, har notin ya soma shiga, amma a karkace zai zauna, wata rana ya karye. Juya tsohon rim ɗin ka karanta lambar ET a bayansa, ita ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje, sannan ka auna ramin tsakiya. Mafi sauƙi, ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwa.

In za ka ɗaura, goge fuskar hob tukuna, wato inda rim ke zama a jikin mota, ka soma kowane noti da hannu, ka ɗaure su tsallake-tsallake, ba a jere ba. Kuma ka daina hawa kan sifana da ƙafa, na gan ka jiya. Ɗauko sifanar awo, mai auna ƙarfin ɗauri, ka saita ta a 120 Nm. Ka gaya wa mai motar in ya yi kamar kilomita 50 ya dawo mu sake gwada su.