Tambaya da Amsa: Alƙalin besbol da ke tsaye a tashoshi, ya kamata ya sa kayan kariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, ɗana mai shekara 14 yana buga besbol a ƙungiyar unguwarmu. Alƙalan wasa sun yi ƙaranci, aka roƙi iyaye su taimaka, na ba da sunana. Ranar bita na ga wanda zai tsaya bayan mai cafke ƙwallo an lulluɓe shi da kayan kariya tun daga fuska har yatsun ƙafa, mu kuwa da za mu tsaya a tashoshi, wato wurare ukun da ɗan wasa ke bi da gudu bayan ya buga ƙwallo, riga da wando da hular yadi kawai aka ce mu sa. Da na tambaya sai aka ce ko a babbar gasa haka ake yi. Maiɗakina hankalinta bai kwanta ba. Shin akwai haɗari, kuma me ya kamata in sa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka ba da lokacinka ga yara. Maiɗakinka tana da gaskiya, haɗari akwai shi. Wanda ya ce maka haka ake yi a babbar gasa shi ma bai yi ƙarya ba, domin MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, ba ta wajabta wa alƙalan tashoshi hular kwano ba. Ni dai a ganina al'ada ce da ya kamata a ce an bar ta tuni. Ka sa hular kwano mara nauyi irin ta kociyoyi, ka sa kofin da ke kare mazakuta, amma ka bar takunkumin ƙarfe da sulken ƙirji da kariyar ƙwauri ga alƙalin gida, wato mai tsayawa bayan mai cafke ƙwallo.

Mu fara da ƙwallon kanta. Nauyinta giram 142 zuwa 149 ne, an naɗe zare a kan ƙwayar tsakiya an ɗinke da fata, tauri gare ta kamar dutse. Tsakanin tasha da tasha taku 90 ne, wato mita 27 da 'yan kai, alƙalin tasha ta ɗaya kuma yakan ja baya kaɗan da tashar. Ƙwararren ɗan wasa yana iya sakin ƙwallo daga sandarsa da gudun da ya wuce kilomita 160 a awa. Tun da aka fara auna wannan gudun da na'ura a duk filayen MLB a 2015, an ga wanda ya haura kilomita 195, Oneil Cruz na ƙungiyar Pittsburgh. In ka yi lissafi, ƙwallon da ta taso da gudun 160 tana isa wurin alƙali cikin kimanin kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan ɗan taƙin ido zai gan ta, ƙwaƙwalwa ta gane inda ta nufa, jiki ya goce. Kuma ba miƙe take zuwa ba, wadda aka buga ta bin layi takan lanƙwasa tana tafe, sai mutum ya goce ya faɗa inda take zuwa.

Ranar 22 ga Yulin 2007, a garin North Little Rock na jihar Arkansas, Mike Coolbaugh yana tsaye a matsayin kocin tasha ta ɗaya na ƙungiyar Tulsa Drillers. Ɗan wasansa ya buga ƙwallo ta same shi a wuya, jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta fashe, ya rasu a daren yana da shekara 35. Tsohon ɗan wasan MLB ne, mutumin da ya yi rayuwarsa yana tare ƙwallo a cikin fili, amma bai samu zarafin kaucewa ba. Daga kakar 2008 aka wajabta wa kociyoyin tasha ta ɗaya da ta uku sa hular kwano. Wasu sun yi ƙorafi a lokacin, Larry Bowa na ƙungiyar Dodgers ya fito fili ya nuna ba ya so, amma yau babu mai ɗaga ido ya kalli koci don yana sanye da ita.

To ga abin da ya fi damuna. Koci da alƙali 'yan taku ne tsakaninsu a gefen tasha ta ɗaya. Ƙwallon da za ta sami wannan ita ce za ta sami wancan. An ce ɗaya dole ya rufe kansa, ɗayan an bar shi da yadi. Ranar 16 ga Afrilun 2025 a filin Target Field na Minneapolis, a wasan Twins da Mets, ƙwallon da Tyrone Taylor ya buga ta sami alƙalin tasha ta ɗaya Hunter Wendelstedt a gefen kai. Ya faɗi, daga baya ya miƙe ya fita da ƙafarsa, aka wuce da shi asibiti. Wannan mutum ya fi shekara 20 yana alƙalanci a babbar gasa, ubansa Harry Wendelstedt ma sanannen alƙali ne da makarantar horar da alƙalai ke ɗauke da sunansa. In gogewa kaɗai na hana bugu, da shi bai sha ba.

Masu cewa a bar abin yadda yake suna da hujjoji, kuma wasu masu ƙarfi ne. Alƙalin gida wuri ɗaya yake durƙushe, ƙwallo daga gabansa take zuwa, shi ya sa duk kayansa gaba suke karewa. Na tasha kuwa mai gudu ne: ya bi ƙwallo zuwa bayan fili ya ga an cafke ko ta taɓa ƙasa, ya kutsa cikin fili ya juya ya bi mai gudu zuwa tasha ta biyu. Ka ɗora masa sulke da kariyar ƙwauri a zafin watan Yuli ka rage masa saurin da yake kare kansa da shi, takunkumin ƙarfe kuma ya tare masa gani ta gefe. A nan na yarda da su ɗari bisa ɗari. Akwai kuma maganar kunne, wadda ba kowa ya san da ita ba. Alƙalin tasha ta ɗaya da kunne yake yanke rabin hukuncinsa: idonsa na kan ƙafar mai gudu da tashar, kunnensa na sauraren ƙarar faɗawar ƙwallo cikin safar hannun mai tsaron tashar, wanda ya riga shi ne hukunci. Hular masu bugu mai rufe kunne tana iya dakushe wannan ƙarar. Sai dai hular kociyoyi ba ta da marfin kunne, ba ta da wani nauyi, ba ta tare gani. Duk hujjojin nan babu wadda ta shafe ta. Abin da ya rage shi ne ba a saba ba, da gudun kada a ce mutum matsoraci ne.

Wannan gudun a yi dariya tsoho ne a besbol. Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland ya mutu a watan Agustan 1920 bayan jifar Carl Mays ta same shi a kai, amma sai 1971 MLB ta tilasta wa masu bugu hular kwano, marfin kunne kuma sai 1983 ga sababbin 'yan wasa. A 2014 an amince wa masu jifa su sa wata hula mai kauri, Alex Torres na San Diego ya sa, aka yi ta yi masa ba'a, kusan babu wanda ya bi shi. A wasan kurket, wanda ƙwallonsa ma mai tauri ce, alƙalai ba su jira doka ba. Bayan rasuwar alƙali Hillel Oscar a Ashdod ta Isra'ila a watan Nuwamban 2014 sakamakon bugun ƙwallo, da raunin da John Ward ɗan Ostireliya ya ji a kai a Indiya a ƙarshen 2015, Ward ya shiga wasan ƙasa da ƙasa a Canberra a Janairun 2016 sanye da hular kwano. Wani alƙalin ɗan Ostireliya Bruce Oxenford kuma ya riƙa ɗaura wata 'yar garkuwa a hannu.

Kada in sa ka ɗauki hular fiye da matsayinta. Coolbaugh a wuya ƙwallo ta same shi, hular da aka wajabta saboda shi ba ta kai nan ba. Aikinta shi ne rage yiwuwar fashewar ƙoƙon kai, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Dale Scott ya bar alƙalanci a 2017 saboda yawan girgizar ƙwaƙwalwa, na ƙarshen a Toronto ya same shi yana bayan gida da takunkuminsa a fuska. Duk da haka tsakanin jiri na mako biyu da tiyatar buɗe ƙoƙon kai akwai tazara mai yawa, kuma a wannan tazarar hular take aiki.

Yanzu ga halin da kai za ka shiga, wanda ya bambanta da na talabijin. A MLB alƙalai huɗu ne, shida a wasannin ƙarshen kaka. A wasan yara yawanci biyu ne, ɗaya a gida, kai kaɗai a duk tashoshi uku. Yaran shekara 14 galibi sun koma babban fili, kuma a tsarin mutum biyu da zarar mai gudu ya hau tasha za ka shigo cikin fili, tsakanin tudun mai jifa da tasha ta biyu. A nan ƙwallo ta ko'ina take zuwa. Wadda aka buga ta tsakiya tana iya gogar ƙafar mai jifa ta canza hanya, mai cafkewa zai wurgo ta kusa da kai in yaro ya yi satar tasha, wato ya ruga tasha ta gaba tun ba a buga ƙwallo ba, masu tsaron ciki na bayanka suna jifa zuwa tasha ta ɗaya, jifar yara kuma ba kullum take zuwa inda aka nufa ba. Gaskiya ne ba su da ƙarfin manya, amma sandunan ƙarfe suke bugu da su, kai kuma sabon shiga ne, jikinka bai riga ya koyi gocewa ba. A wannan wurin ne kofin mazakuta ya zama dole, domin ƙwallon da ta daki ƙasa ta yi tsalle daidai nan take tasowa. Ba ya fitowa a ido, ba ya hana gudu, alƙalai da yawa suna sa shi ba tare da sun faɗa ba.

Tsayuwa ma kariya ce. Kafin mai jifa ya saki ƙwallo ka buɗe ƙafafu, gwiwa ta ɗan lanƙwasa, nauyinka a gaban tafin ƙafa, ƙirjinka na fuskantar mai bugu. Da ya saki, idonka ya koma kan sanda. Kada ka juya wa ƙwallo baya matuƙar tana cikin wasa, ko lokacin ɗumama jiki tsakanin zagaye, nan ne mutane ke sakin jiki su tsaya hira a hanyar jifa. Ka kuma san dokar: in ƙwallon da aka buga ta same ka a cikin fili kafin ta wuce wani mai tsaron ciki, ban da mai jifa, wasa ya tsaya, mai bugu ya tafi tasha ta ɗaya. In ta riga ta wuce shi, wasa na ci gaba ko kana ƙasa.

In Allah ya ƙaddara ta same ka a kai, kada ka ce ai na miƙe, a ci gaba. A ƙarƙashin siririn ƙashin da ke gaban kunne akwai jijiyar jini, in ta yage mutum na iya yin magana daidai na ɗan lokaci alhali jini na taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Brandon McCarthy mai jifa na Oakland da ƙafarsa ya fita fili a Satumban 2012 bayan ƙwallo ta same shi, a daren aka yi masa tiyatar gaggawa. Ka fita daga wasan, wani ya tuƙa ka asibiti. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, ruɗewa, barci mai nauyi ko raunin wani ɓangaren jiki, a kira 911 nan take. In kana shan maganin tsinka jini, ka je ko ba ka jin komai, kuma ka gaya wa likitanka tun kafin ka fara wannan aikin.

Kafin wasanka na farko ka sami shugaban alƙalan ƙungiyarku ka shaida masa za ka sa hular, saboda wasu ƙungiyoyi suna da ƙa'idar kayan sawa. Ka nemi baƙa ko shuɗiya mai duhu mara tambarin kowace ƙungiya, wadda ta zauna daram ba ta rawa in ka yi gudu. Shagunan kayan wasanni suna sayar da ita a sashen kociyoyi da masu cafke ƙwallo. In ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ko ka ga tsaga a jikinta, ka canza wata.