Hukuncin Allurar Sinadarin Mazakuta Ga Wanda Shekaru Suka Fara Ja

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 53. Kwanan nan ƙarfina ya ja baya, ga kasala ko da na ƙoshi da barci, sha'awa kuma ta yi sanyi har iyalina ta fara zaton ko na juya mata baya ne. Wani abokina ya ce in nemi allurar testosteron, wato sinadarin mazakuta, shi ma ita yake yi. Wani kuma ya ce wannan ja da ƙaddara ne, tunda tsufa ba shi da magani. Kuma har yanzu muna fatan ƙarin haihuwa. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ka lafiya ɗan'uwa, Ya saka maka da alheri da ba ka bari kunya ta hana ka tambaya ba.

Abokinka na biyu ya riƙo wani yanki ne na hadisi ingantacce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a nemi magani, domin Allah bai sanya cuta ba face Ya sanya mata magani, ban da guda ɗaya: tsufa. A Suratur Rum, aya ta 54, Allah Ya faɗa mana cewa bayan ƙarfi Yakan sanya rauni da furfura. Babu allurar da za ta mayar da ɗan hamsin ya koma ɗan ashirin, duk wanda ya yi maka wannan alkawari yaudararka yake yi. Amma farkon hadisin umarni ne da neman magani. Saboda haka abin da za a fara tantancewa shi ne: abin da ke damunka tsufa ne zalla, ko cuta ce ta shigo a cikin rigar tsufa?

Wannan kuwa ba malami ke rabe shi ba, likita ne. Testosteron a maraina ake sarrafa mafi yawansa, bisa saƙon wani ɗan ƙullutu da ke gindin ƙwaƙwalwa. Daga wajen shekara 40 yakan riƙa raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, kuma maza da yawa suna tsufa bai sauka ƙasa da ƙima ba. Likitoci ba sa yanke hukunci da kasala kaɗai. Jini ake ɗiba da safe, lokacin da sinadarin ya fi yawa, a maimaita wata rana daban. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ɗauki ƙasa da nanogiram 300 na sinadarin a kowace desilita ta jini a matsayin ƙaranci, idan ya haɗu da alamomi. Sau da yawa ma akan tarar tushen matsalar wani abu ne: teɓa, ciwon suga, minsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, damuwa, ko yawan shan irin su tiramadol da kodin. Wani da ya rage tumbi sai awonsa ya tashi ba tare da allura ba.

Idan gwaji ya tabbatar da ƙaranci kuma ƙwararren likita ya rubuta maka magani, halal ne, babu ja da ƙaddara a ciki. Ba ya shiga canza halittar Allah, domin mayar da abin da ya tawaya ne zuwa yadda yake. Annabi (SAW) ya umarci Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sanya na zinare. Idan niyyarka kare mutuncin matarka ne da sauke haƙƙinta, ina maka fatan lada a kai, don Allah Ya ce mata suna da haƙƙi kwatankwacin wanda ke kansu.

Amma ka sayo allurar don kawai ta karɓi abokinka, ba gwaji ba likita, wannan ban ga halaccinsa ba, saboda hadisin da ya hana cutuwa da cutarwa. Tana iya sa jini ya yi kauri, kuma ba a ba wa mai kansar furostet, ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsara. Wani babban bincike da aka fitar a 2023 kan maza sama da 5,000 bai ga ƙaruwar bugun zuciya da shanyewar jiki ba, amma ya ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da daskarar jini a huhu. Su ma ɗin likitoci na bibiyarsu ne.

Maganarka ta haihuwa ita ta fi tsaya min a rai, domin mutane da yawa sun ɗauka wannan allura tana ƙara haihuwa, alhali akasin haka take yi. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ji sinadarin ya wadata daga waje sai ta janye saƙonta, maraina su rage aiki, ƙwayoyin maniyyi su ragu ƙwarai, wani ma su ɗauke gaba ɗaya. Yawanci sukan dawo bayan watanni da daina maganin, amma ba kowa ba. Malamai sun ce ba a yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje lokacin saduwa, ga matar aure sai da izininta, saboda tana da haƙƙi a zuriya. A kan wannan nake ƙiyasi: bai kamata ka fara abin da zai iya tsayar da haihuwa a ɓoye mata ba. Ka faɗa wa likita tun zaman farko cewa kuna son haihuwa, akwai magungunan da ke zaburar da jiki ya sarrafa nasa. Ita kuma ka zaunar da ita ka faɗa mata gaskiya. Matar da take kwana tana tunanin mijinta ya daina sonta tana cikin wata azaba da magana ɗaya daga bakinka za ta yaye mata.

Game da azumi, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta tabbatar cewa allurar magani da ba ta abinci ba, da abin da ake shafawa fata ta tsotse, ba sa karya azumi. Idan na shafawa aka ba ka, ka wanke hannu ka rufe wurin da riga, domin yana iya naso a jikin mace ko yaro ya cutar da su.

Wallahu a'alam.