Hukuncin Rataye Zanen Kasuwar Kifi Na Turner A Falo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena da ke karatu a Landan ya kawo mini tsarabar kwafin wani zane na Turner, Baturen Ingila. Rana ce ke fitowa ta cikin hazo a kan teku, ga jiragen ruwa, ga masunta a gaɓa suna gyaran kifi suna sayarwa. Ya halatta in rataye shi a falona?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zanen da kika siffanta an fara baje kolinsa a 1807, asalinsa kuma yana gidan adana zane-zane na ƙasa a Landan. Teku da rana da jirage ba su da matsala ko kaɗan. Ibn Abbas ya ce wa wani mai zane, in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Inda maganar take shi ne masuntan nan da kifayensu.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura, wato hoton abu mai rai. Annabi (SAW) kuma ya ƙi labulen Nana A'isha mai surori, har ta mayar da shi matasan kai. Da wannan jumhur, wato mafi yawan malamai, irin su Imam Nawawi, suka haramta rataye surar mai rai, ko da zane ce kawai marar inuwa. Malikiyya sun rarrabe: haramun a wurinsu ita ce sura mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, kamar gunki. Wadda aka zana a takarda ko bango makaruhi ce idan an ɗaukaka ta. Suna kafa hujja da togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha, "sai dai zane a jikin tufa".

Abin da nake gani, ba zan ce miki kin yi haramun ba in kin rataye shi, domin saɓanin mai ƙarfi ne, kuma babu mai bauta wa masu sayar da kifi. Amma ba na so ki zauna a kan makaruhi alhali mafita tana kusa. Ki duba kwafin naki da kyau. In fuskoki sun fito, ki shafe kawunan da fenti, har da na kifayen, domin sura kai ce; Jibrilu ya yi umarni a cire kan mutum-mutumi ya koma kamar itace. Kada ki sa shi ta alƙibla inda kuke salla, saboda yana ɗauke hankali. In akwai tsiraici a wani zanen daban, wannan ba ya cikin sauƙin da na ambata.

Allah ne Mafi sani.