Amsar Tambayarka Game da Wasa da Zolaya

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na fahimci abin da ya ɗaure maka kai. Ka ce wani Bature abokin karatunku a Ingila ya ji kai da wani Bazazzagi kuna jifan juna da maganganu kuna dariya, ya tambaye ka ko wannan ne abin da su suke kira banter, kai kuma ka rasa amsar da za ka ba shi.

Kalmar tasu ta yi kusa, amma ba ta kai ba. A wajensu irin wannan zolaya tana tasowa ne daga sabo, sai mutum biyu sun shaƙu sannan su fara tsokanar juna. Mu kuwa gadonta muke yi. Bakano da Bazazzagi za su iya haɗuwa yau a tashar mota, ba su taɓa ganin juna ba, su fara wasa nan take, domin kakanninsu ne suka ƙulla shi tun kafin a haife su. Haka Fulani da Barebari suke, haka Gobirawa da Yarbawa, haka Katsinawa da Nufawa. A cikin gida ma akwai taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda har kuɗin shara ake karɓa tsakaninsu a watan Muharram, lokacin cika-ciki. Kai kanka ka tuna yadda marigayiya kakarka take kiran ka mijinta, tana kiran ƙanwarka kishiya, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da zafi. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki al'adar da daraja sosai, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014.

Sai dai ina so ka rarrabe kalmominmu, domin na lura 'yan zamaninku suna cakuɗa su. Raha da barkwanci abin dariya ne da kowa zai iya sa baki a ciki. Zolaya da tsokana suna da wanda ake nufi, amma ana yin su da fara'a, ana jiran ya rama. Ba'a tana kan iyaka, izgili kuwa ya ƙetare ta, saboda manufarsa ƙasƙantar da mutum. Habaici da shaguɓe ba wasa ba ne ko kaɗan, faɗa ne da aka lulluɓe.

Abin da za ka nuna wa abokin naka shi ne, maganar da za ka faɗa wa taubashinka a yi dariya, idan ka furta ta ga surukinka ko ga baffanka ta zama rashin kunya, ko da harafi ɗaya bai canza ba. Abokin wasa kuma ba ya fushi, kuma idan rikici ya tashi a gidanku, sau da yawa shi ake turawa, domin yana da bakin faɗin abin da kowa ya ji nauyin faɗa. Wannan Bazazzagin naka ka gaishe mini da shi, ka ce masa har yanzu muna jiran ya koyi yin kasuwanci.