Za a Cire Filin Sharar Guba Daga Jerin Gwamnati: Ina da Ta Cewa?

Tambaya: Barista, gidana yana jihar New Jersey ta Amurka, kusa da filin wata tsohuwar masana'anta da aka daɗe ana tsabtacewa. Na ga sanarwa cewa za a cire shi daga jerin gwamnati. Guba ta ƙare ke nan? Kuma ina da ta cewa?

Amsa: Malam, jerin da kake nufi shi ne na wuraren da hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, ta bai wa fifiko wajen tsabtacewa a ƙarƙashin dokar Superfund ta 1980. Hukumar ba ta da ikon cire wuri sai idan an kammala duk aikin da ya wajaba, ko bincike ya nuna babu wata babbar barazana ga lafiyar jama'a da muhalli, kuma sai gwamnatin jiha ta amince.

Sai dai kammala aiki a idon doka ba ya nufin an kwashe gubar baki ɗaya. Sau da yawa ana killace ta ne a inda take, a rufe ta da yumɓu da leda mai kauri, sannan a hana tona ƙasa ko haƙa rijiya. Unguwar Love Canal ta jihar New York, wadda bala'inta ya taimaka wajen haifar da dokar, an cire ta daga jerin a 2004, alhali tan kusan 21,000 na sharar sinadarai suna binne a wurin har yau. Shi ya sa doka ta wajabta sake duba irin wannan wuri aƙalla sau ɗaya a kowace shekara 5, ko bayan cirewa. Idan gubar ta sake ɓulla, ana iya mayar da filin cikin jerin, kuma alhakin kamfanin da ya zubar da ita bai sauka daga wuyansa ba saboda cirewar.

Game da ta cewarka, sanarwar da ka gani ta niyyar cirewa ce, kuma jama'a suna da kwana 30 na gabatar da ra'ayi a rubuce. Ka je inda aka ajiye takardun filin, galibi ɗakin karatu na unguwa ko shafin hukumar a intanet, ka karanta rahoton kammala aiki da na dubawar ƙarshe, ka lura da sakamakon gwajin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ka kuma tabbatar ko filin duka za a cire ko wani ɓangare ne kawai. Ƙorafin da ya ambaci shafi da adadi ya fi na nuna tsoro kawai nauyi, kuma wajibi ne hukumar ta amsa duk muhimmin ƙorafi. Akwai hanyar ƙalubalantar hukuncin a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington cikin kwana 90, amma a ganina tsadarta ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai maƙwabta su haɗa kai.

Idan kana zargin gubar ta taɓa lafiyar iyalinka ko darajar gidanka, ka sani dokar Superfund ba ta biyan diyyar rashin lafiya. Wannan ƙara ce ta daban a ƙarƙashin dokar jiha, wadda take da wa'adin shigarwa, don haka ka adana takardun asibiti da na gwajin ruwa, ka ga lauyan muhalli mai lasisin aiki a New Jersey tun wa'adin bai wuce ba.