Ƙwan LED, fanka ko sola: wanne ke saurin dawo da kuɗinsa?

Malam, tambayarka daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ita ce: kuɗin wuta ya yi yawa, da me za ka fara sauyi, kuma yaushe kuɗin zai dawo?

Fara duba mita. In bil ɗin ƙiyasi kamfanin raba wuta na KEDCO ke kawo maka, duk tsimin da ka yi ba zai fito a takarda ba, sai ka samu mita mai kati.

Ƙwan lantarki ne farko. Mai wat 60 ka sauya da LED mai wat 9, ka rage 51. Ƙwai goma, awa shida kullum, kusan yunit 92 ke nan ka rage a wata. Ninka da farashin yunit a rasit ɗinka, ka raba kuɗin sayen ƙwayayen da abin da ya fito: watannin da kuɗinka zai dawo ke nan. Ƙirga awannin da ake kawo wuta kawai.

Fanka ta fi jinkirin dawo da kuɗinta. Daga wat 75 zuwa mai wat 30, awa 12 kullum, yunit 16 ne kacal za ka rage a wata. Amfaninta na sosai sai a kan batir.

Babban kuskure shi ne sayen sola kafin rage lodi (yawan wutar da kayan gida ke ja), sai a sayi batir da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) fiye da buƙata. Batir kuma ba ya son ɗaki mai zafi, ga bazarar Katsina, ga ƙurar hunturu da ke rufe farantin sola in ba a gogewa.

Lissafin lodi, kaurin waya da haɗa sola da wutar gida, bar wa ƙwararren mai gyaran wuta.