Taraktar da aka gyara tana wahalar tashi

Malam, ka ce tun da bakanike ya kwance injin ya ɗaure, ƙaramar taraktarka sai ta daɗe tana juyi kafin ta tashi. Ni dai iska nake zargi. Injin dizal da an taɓa bututun mai, iska kan shiga ta tare hanya. Sassauta ƙusar saman filtar dizal, ka yi ta danna famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, sannan ka ɗaure. A bakin nozul kuma, wato abin da ke fesa mai cikin injin, sassauta notin bututun, ka juya injin da makulli har mai ya fito babu kumfa, sannan ka ɗaure.

Duba hayaƙin kuma. In fari ne, mai na zuwa amma ba ya ƙonewa: ko taimin ɗin babban famfon da ke tura mai zuwa nozul ya goce, wato ba ya tura man a kan lokaci, ko an matse bawul. Wannan kam mayar wa bakaniken, aikinsa ne. In juyin ne ba ƙarfi, goge kan batir tukuna.